Kada Ki Sa Lalle Kafin Ki Ga Likita

Ɗiyata Ihlas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida gajiyar hanya. Allah ya kai ki Bur Sudan lafiya, ya tsare motarku daga sharrin hanya da sharrin masu tare hanya, ya sada ki da mijinki Bashir cikin alheri. Na sa takardar nan a ƙasan jakarki don na san halinki. In na zaunar da ke, za ki sunkuyar da kai ki yi ta "to, Inna, to, Inna," ba abin da zai shiga. Labarin gida ba zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma kwana huɗu na yi ina rubuta ta, don yatsuna ba sa yarda su riƙe shi sai rana ta ɗaga.

Ga maganar. Sati uku bayan saukarki za ki ga likitar fatar da Bashir ya samo miki. Ita za ta duba ta ce ko ki ci gaba da marham, man shafawar da kike sawa, ko a mai da ke kan allura. Daga yau har zuwa wannan rana kada ki sa lalle. Kada ki yi dilka, murzar jikin nan. Na san Gwaggonki Asha, 'yar'uwar babanki, ta riga ta buga wa surukarki waya sun shirya miki zaman lalle na tarbar amarya, an gayyaci mata, an ce za a yi miki har gwiwar hannu. Ki ce a'a. Ki faɗa da ladabi, gwiwa a ƙasa in kin ga dama, amma a'a ɗin ta fito.

Na san abin da za su ce, ni ma da bakina na taɓa faɗa wa wasu. Matar aure da hannu fari, ko takaba take yi? Ko mijin ne ba ya kula da ita? Su ce! Wata huɗu ke nan da bikinki, lallen amarcinki ya yi gaba, farcenki ya kusa fita fes. In suka sake rine shi, sai wasu watanni kafin ido ya ga abin da ke ƙarƙashi. Kuma akwai abu a ƙarƙashi, na gani. Na ga ƙananan ramuka a farcenki kamar an sossoka da tsinken allura. Na ga yatsanki na tsakiya ya kumbura gaba ɗaya kamar kuɓewa. Na ga yadda kike ɗingisa diddige in kin tashi sallar asuba, sai kin yi zirga-zirga sannan ki miƙe. Kina zaton ban gani ba don ban yi magana ba? Ni ce fa na fara bin hanyar nan, ba ke ba.

Ina da shekarun da kike da su yanzu lokacin da sadafiyya ta fito mini, wannan ciwon fata mai ɓawo fari da ja a ƙasa. A gwiwar hannu ta fara, sannan ƙeya, sannan ta sauko bayan hannu. A lokacin kisra nake yi ta sayarwa, gurasar nan ta dawa, kowa a unguwarmu a Mai Wurno ya san tawa. Ina shimfiɗa ƙullu a kan doka, kaskon ƙarfen gashinta, ya fito siriri har kina hango hannunki ta cikinsa. Da na ga ɓawo a hannuna, tsoro ya kama ni, na ce kuturta ce. Ban gaya wa kowa ba. Na daina sa hannu a siniya, farantin abinci, tare da mutane, sai in ce na ƙoshi, in koma ɗaki in ci ni kaɗai kamar ɓarauniya. Babanki, Allah ya saka masa, ya dawo daga hawasha, gonarsa, wata rana ya tarar da ni haka, ya ja kwanon ya zauna ya sa hannu. Ya ce, "Shekara nawa muna ɗaki ɗaya, me ya fito mini?" Gaskiyarsa. Ciwon nan ba ya yaɗuwa, ba ta musafaha ba, ba ta kwano ba, ba ta shimfiɗa ba. Shekara biyu na ci abinci ni kaɗai a banza. Ke kada ki yi ko kwana ɗaya. Duk wadda ta janye hannunta daga siniya don kin sa naki, ta rage wa kanta rabo, ke ki ci ki ƙoshi.

Babban kuskurena kuwa shi ne ranar da babanki ya matsa na je wurin hakim, wato likita, a Sinnar. Kin san mu. Mace ba ta shiga birni haka kawai. Kwana biyu kafin tafiya na kira Gwaggonki Asha, don ba wadda ta kai ta iya lalle a garin nan. Ta fara da dilka, ta murje ni tun daga wuya har ƙafa, ɓawon nan duk ya zube, fata ta yi sumul. Ta ce, "Kin gani? Har ya warke, me za ki je yi?" Sannan ta zana mini lalle, baƙi wuluk a kan yatsu da farce, ja a tafin hannu. Na ɗaura tob ɗina, babban mayafina na fita unguwa, na shafa turare, na hau mota ina jin kaina wata sarauniya.

Hakim ɗin mutumin kirki ne, ban ɗora masa laifi ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Ina ciwon?" Na ɗan ɗaga hannun riga na nuna masa gwiwar hannu, wuri ɗaya, shi ma dilka ta share rabinsa. Ya ce, "Akwai wani wurin?" Bayana duk ya cika, cinyoyina haka, amma ta yaya zan buɗe wa namiji? Na ce babu. Ya kama hannuna ya juya, ya dubi farce, bai ga komai ba sai lallen Asha. Ya ce, "Gaɓoɓi fa, suna ciwo?" A lokacin sai na yi fiye da awa ɗaya da safe kafin in iya dunƙule hannu. Amma mu an koya mana mace ba ta kukan ciwo, sai na ce, "Alhamdu lillahi, gajiyar aiki ce kawai." Ya rubuta mini marham ya ce abu kaɗan ne, in shafa sati biyu in huta. Ya yi hukunci a kan abin da na nuna masa. Ni ce na yi wanka na yi kwalliya na je na ɓoye masa ciwona, na kuma biya kuɗin mota a kan haka. Wallahi duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Dilkar ma ba ta bar ni haka ba. Bayan kwana goma, duk inda aka murza da ƙarfi sabon ɓawo ya fito, har wuraren da a da lafiya lau suke. Daga baya aka gaya mini halin ciwon ke nan, inda duk aka ji wa fata rauni nan yake bi. Don haka ko bayan kin ga likita, kada ki bari a kankare miki shi, komai daɗin bakin mai kankarewar.

Kada ki ji na faɗi haka ki raina marham. Magani ne na gaske in an sa shi inda ya dace. Wadda nata ciwon ɗan wuri ne, gwiwa ko ƙeya, marham ya ishe ta, ba ta bukatar allura. Yana kwantar da ja, yana rage ƙaiƙayi, ana samunsa a kusan kowace saidaliyya, kantin magani, ba ruwansa da talaja, wato firji, kina iya jefa shi a jaka ki tafi. Amma iri-iri ne, akwai mai ƙarfi akwai mai sauƙi, kuma mai ƙarfin yana da ƙa'ida: kwana kaza, wuri kaza, ban da fuska, ban da matsematsi. Ni na ji daɗinsa na watsar da ƙa'idar. Hakim ya ce sati biyu, na yi shekara uku. In ya ƙare sai in aika a sayo da tsohuwar takardar. Da ya daina kama ni, na koma wurin masu haɗa mayuka a kasuwa, waɗanda ke aunawa da cokali su zuba miki a 'yar roba ba suna ba takarda. Fatata ta yi haske, mata suna ta yaba ni. Ashe sirancewa take yi. Dubi damtsena in kin tuna, waɗannan layukan da ba sa ɓacewa, da jijiyoyin da ake gani, daga nan na samo su. Ranar da na tsorata na daina gaba ɗaya lokaci guda, ciwon ya taso mini da fushi, jiki duk ya yi ja yana zafi, sati uku ban kunna wutar doka ba. Ki bi adadin kwanakin da aka ce miki, kuma kada abin da ba shi da suna ya taɓa fatarki.

Ga abin da ban sani ba duk tsawon shekarun nan, kuma shi ne zuciyar wasiƙar nan: marham fata yake gani, ba ya kaiwa gaɓa. Ina ta shafawa a sama, ciwon yana cin yatsuna a ƙasa. Na fara kasa ɗaga kisra daga doka ba tare da ta yage ba. Na ce doka ce ta tsufa, na sayi sabuwa. Na ce ƙullun ne, na canza dawa. Masu saye suka fara komawa wani gida, ba wadda ta ce mini komai, sai dai in ga ba su zo ba. Ranar da na ɗaga guda bakwai duk suka yage, na kashe wutar na zauna na yi kuka, ba don kisra ba, don na gane hannuna ne.

A Madani wata likita mace ta gan ni, bayan shekara goma sha ɗaya da zuwana Sinnar. Wannan karon ban yi kwalliya ba, ba don wayo ba, don ba ni da ƙarfin yi. Ta sa na cire tob, ta duba baya da ƙeya da cibiya, ta bi farce ɗaya bayan ɗaya, ta matsa kowace gaɓa. Da ta gama ta ce, "Ya hajja, ina kika shiga duk shekarun nan?" Na ce ina gida ina shafa mai. Ita ta fara yi mini bayanin allurar da suke kira bayoloji. Ta ce masu gadin jiki, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, su ne suka rikice suka juya kan fata da gaɓoɓi, allurar kuma tana shiga ta ciki ta riƙe hannun waɗanda suka fi rikicewa. Ba kullum ake yi ba, wata bayan sati biyu, wata sai bayan wata ɗaya ko fiye. Ana ba wanda ciwonsa ya mamaye jiki, ko ya shiga gaɓa, ko wanda sauran magunguna suka gaza a kansa. Ta ce akwai ƙwayoyin sha a tsakani da ake fara gwadawa, kuma ni ma da su aka fara mini.

Da ƙwayoyin suka gaza ta ce allura. Kin san me na yi? Na ƙi. Shekara guda cur! Matan unguwa suka zauna shan jabana, gahawarmu, suka yanke mini hukunci: allura ce mai kashe jini, wadda ta fara ba ta dainawa, wance ta ji an ce wance ta mutu. Ba ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa ganin kwalinta. A shekarar nan ne ƙaramin yatsana na dama da na kusa da shi suka lanƙwashe. Da na gaji na koma na karɓa, Kawunki da ke aiki a Jidda ya ɗauki nauyi. Cikin wata uku bayana ya share, na kwanta rigingine karon farko cikin shekaru, ciwon safe ya ragu. Na ce wa likitar, "To yatsun fa, yaushe za su miƙe?" Ta ce, "Allura tana tsare abin da ya rage, ba ta dawo da abin da ya tafi." Ban sake tambaya ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce allurar ba ta da nata nauyin ba. Tunda tana riƙe hannun masu gadi, cuta tana iya samun ƙofa. Shi ya sa sai an gwada jini an ɗauki hoton ƙirji, a tabbatar ba tarin fuka da ke kwance, ba ciwon hanta. Kada ki yarda a tsallake gwajin nan ko da kina sauri. In zazzaɓi ya kama ki ko tari ya ƙi tafiya, ba a cewa bari mu gani, likita ake nema kafin allura ta gaba. Tana da tsada, kuma ba kullum ake samunta ba. Sannan ba warkewa ba ce, riƙewa ce, in an daina ciwon yana iya dawowa. Kuma ke amarya ce. Ki buɗe baki ki gaya wa likitar kuna son haihuwa, tun kafin ta rubuta komai, don ɗaya daga ƙwayoyin nan ba ta haɗuwa da ciki sam, alluran ma kowace da hukuncinta. Ki tafi da Bashir ya ji da kunnensa. In kunya ta kama shi, ya tsaya a bakin ƙofa, amma ya ji.

Saura batun sanyi, shi ma na yi wautata a kai. Allurar sai a talaja, ba a wurin ƙanƙara ba, a tsakiya. Da fitinar yaƙin nan ta zo kahraba, wutar lantarki, ta ɗauke mana kwana da kwanaki, ina da guda biyu a ajiye. Na ce ai randa ma tana da sanyi, na naɗe su a leda na rataya a cikin randar ruwanmu, ina ta yaba wa kaina dabara. Da hanya ta buɗe na kai wa mai saidaliyya, ya tambaye ni kwana nawa, na faɗa, ya ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri hajja, sanyin randa na maƙogwaro ne, waɗannan sun tashi aiki." Tun daga nan ban sake samun ta a kai a kai ba, na koma kan marham, kin kuma ga yadda nake. Don haka ki tambayi likitar tun ranar farko: kwana nawa wannan allurar ke jurewa a waje, in wuta ta ɗauke ina zan kai ta, in ta yanke a kasuwa me zan koma? In ta ga zamanku ba zai riƙe allura ba ta zaɓa miki wani abu, ki bi. Ni ban ce dole sai allura ba, ni ba likita ba ce, mai kisra ce da ta daina. Abin da na ce shi ne ta yanke hukunci a kan jikinki na gaskiya. Ki cire tob. Ki nuna baya, ki nuna ƙeya, ki nuna inda kike jin kunya. In ta ce gaɓoɓi fa, kada ki ce mata alhamdu lillahi ki yi shiru. Ki gode wa Allah a zuci, ki ce mata diddige, ki ce mata yatsa, ki ce mata minti nawa kike yi da safe kafin hannu ya saki.

Na san abin da nake ɗora miki ba ƙarami ba ne. Baƙuwa ce ke a gidan, surukarki ta tara mata, an kwaɓa lalle, ke kuma ki ce a'a. Za a ce 'yar Mai Wurno ta zo da girman kai. Za a ce uwarta ba ta yi mata tarbiyya ba. To na ji, na ɗauka, ki ce ni ce na hana. Ki ce Innata ta yi mini Allah ya isa in na sa, ban yi ba amma na ba ki izini ki faɗa. Fushin suruka sati biyu ne, in ya yi tsawo wata guda. Bayan likita ta gama gani, in ta yarda, su zana miki har kafaɗa, ni zan aiko da turaren.

Shekaranjiya, kina wurin sallama da ƙawayenki, na tafi gidan Gwaggonki Asha. Na tarar da ita da mata biyar a tsakar gida tana yi wa wata zane. Ta fara tun kafin in zauna: na ɓata yarinya, zan kunyata zuri'a a gidan mutane, wace irin amarya ce za ta sauka da hannu kamar na mai wankin gawa. Na bar ta ta gama. Sannan na fito da hannuwana daga cikin tob, abin da na yi shekaru ban yi a gaban taro ba, na ɗora mata a cinya. Na ce, "Yaya Asha, tunda lalle ne maganar, fara da ni. Irin na ranar Sinnar nake so."

Ta yi dariya, ta kama hannun dama za ta shimfiɗa shi yadda ake yi. Ƙaramin yatsa bai miƙe ba. Ta ja na kusa da shi, na ce wash. Ta sake gwadawa a hankali, da hannu biyu, kamar mai lallashi. Ita ce ta zana hannun nan ranar aurena, ta san yadda yake a da. Ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta ajiye lallen a ƙasa, ta ce, "Ki ce wa yarinyar ta je haka nan." Ko za ta sake buga wa surukarki waya, ban sani ba, ban kuma roƙe ta ba. Ta buga ko ba ta buga ba, ke dai kin ji ni.

Ihlas, naki yatsun goma ne kuma duk suna buɗuwa. Ki kai wa likita su fari tas, ki shimfiɗa mata a kan tebur tun suna shimfiɗuwa.

Babanki yana gaishe ki, yana sa miki albarka. Ki gaida Bashir, ki gaida surukarki da girmamawa. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya ba ki lafiyar fata da ta ƙashi, ya sa likitar ta ga abin da ya kamata ta gani, ya haɗa fuskokinmu cikin aminci.

Wassalam,
Innarki, Hajo.